Babi na Shida: Zaɓaɓɓun Waƙoƙi a Rumfar Mai Turi

Idan Alhaji Mamman Shata zai tafi wasa, sai an cika mota. Ga masu kalangu, ga 'yan amshi, ga sanƙira, ga yaran da ke ɗaukar kaya. Haka abin yake a gidan Narambaɗa, haka yake a gidan Ɗanƙwairo. In ka ware 'yan ƙalilan irin Ɗanmaraya Jos, wanda shi da kuntiginsa sun ishi taro, waƙar Hausa ta gargajiya aikin mutane da yawa ce. Shata ya rasu a watan Yuni na 1999. A shekarar ce kuma kamfanin Sarauniya ya fitar da fim ɗin Sangaya a Kano, wanda waƙoƙinsa suka karaɗe ƙasar Hausa har cikin Nijar, alhali a kan fiyano aka haɗa kiɗansu. Taron da ke cika mota ya dawo mutum biyu a cikin ɗaki, ɗaya na rerawa, ɗaya na danna maɓallai.

Ba a kanmu farau ba. A Ingila, tun farkon shekarun 1980, da na'urorin haɗa sauti suka yi araha, aka fara ganin mawaƙan kiɗan rawa suna fitowa su bibbiyu. Fitattu a cikinsu su ne Pet Shop Boys, wato Neil Tennant da Chris Lowe, waɗanda suka haɗu a 1981 a wani shagon sayar da kayan sauti a Landan. Tennant ne mai murya. Lowe kuwa yana can tsaye a bayansa da fiyano, ga hula ga baƙin tabarau, da wuya ka ga ya ce uffan. Waƙarsu West End Girls ta zo ta ɗaya a Ingila da Amurka a 1986. A watan Nuwamba na 1991 kamfanin Parlophone ya tattara musu waƙoƙi 18 a faifai guda mai suna Discography. Guda 16 duniya ta riga ta san su, an jera su bi da bi yadda suka fito, sai aka ƙara sababbi 2 a ƙarshe domin wanda yake da tsofaffin ya sami dalilin sake fito da kuɗi. Da shekara ta zagayo, takwarorinsu Erasure, su ma mutum biyu, suka fitar da nasu mai waƙoƙi 20.

Dabara ce tsohuwa a kasuwar faifai. Tun 1958 kamfanin Columbia na Amurka ya haɗa wa Johnny Mathis waƙoƙinsa da suka fi karɓuwa a wuri guda, faifan kuwa ya yi jimillar mako 490 a cikin jerin waɗanda ake rububinsu. Kamfani ba ya kashe kuɗin sabon ɗauka, mai saye ba ya biyan kuɗin waƙar da ba ya so, kowa ya huta.

Abin da nake so mai karatu ya duba a irin wannan faifai shi ne takardar da ke cikin kwalinsa. A nan za ka ga sunan kowace waƙa, da wanda ya rubuta ta, da wanda ya tsara sautinta, da shekarar da ta fito. Chris Lowe bai cika buɗe baki ba, amma sunansa na nan kafaɗa da kafaɗa da na abokinsa, kuma duk kwafin da aka sayar yana da kasonsa a ciki. Wanda aka haifa bayan 1991 zai iya ɗaukar faifan ya bi sawun mutanen nan biyu daga farkonsu, ya ji inda kiɗansu ya canza, ya san wa ya yi me. Ka riƙe wannan takarda a ranka, domin ita ce ba za mu tarar ba idan mun isa Tudun Wadar Zariya.

Mu ma muna da namu mutum biyun, kuma iri-iri ne. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, masu shirya finafinan Hausa sun gane da wuri cewa waƙa ce ke sayar da fim. Hayar makaɗan gargajiya tana da tsada da wahalar ɗauka, ga shi kunnen masu kallo ya riga ya saba da finafinan Indiya da gidajen silima na Arewa suka shekara talatin suna nunawa. A tsakiyar shekarun 1990 sutudiyon Iyan-Tama a Kano ya sayo fiyano ƙirar Yamaha, irin samfurin nan na PSR, wanda masu ƙera shi suka zuba masa muryoyin ganguna da sarewa da goge da sauran kayan kiɗa. Daga nan hanya ta buɗe. Yaro ɗaya mai kunne da yatsu goma ya isa ya tsaya a madadin makaɗa shida.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan sutudiyo ba zai yi mamakin ƙanƙantarsa. Ɗaki ne ɗan mitsitsi, an manne bangonsa da soso da kafet don kada ƙarar titi ta shigo, an kashe fanka don kada makirufo ya ɗauki kukanta, kowa na sharce gumi. Mawaƙi yakan zo da baitocinsa a takarda, karin waƙar kuma yana cikin kansa. Sai ya yi ta rera shi a hankali, mai kiɗa na saurare, hannunsa na lalube a kan fiyano har ya kamo muryar. Ganga ake fara shimfiɗawa, sannan a ɗora kauri a ƙarƙashinta, sannan sarewar nan mai tsini da ke cike gurbin da mawaƙi zai numfasa. Za ka ji mawaƙin ya ce, “Oga, ɗan ƙara masa gudu, na rawa ne.” Mai kiɗa ya murɗa, ya sake kunnawa, su dubi juna. Abin da jama'a za su taka a gidan biki shekara goma masu zuwa, a wannan duban junan ake yanke shi. Mawaƙiya kuwa sau da yawa sai an gama duk wannan take isowa. A ranar take fara jin waƙar, a ranar take haddace nata baitocin, ta shiga ta rera, a sallame ta, ta wuce wani sutudiyon. Da kwamfuta ta shigo a shekarun 2000 da manhajoji irin FL Studio, da na'urar nan mai miƙe murya har ta yi ƙarar ƙarfe, aikin ya ƙara sauri, amma yawan mutanen ɗakin bai ƙaru ba.

Saboda haka biyun farko su ne mawaƙi da mai kiɗa. Biyu na biyu su ne muryar namiji da muryar mace, wannan ya jefa wannan ta cafe, salon da muka ɗauko daga su Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar muka haɗa shi da namu na dandali. Sai kuma biyun da ido ke gani, jarumi da jaruma, waɗanda ke motsa baki suna rawa a gaban kyamara a kan muryar da ba tasu ba.

In ana neman mutum biyu da suka tsaya da suna ɗaya a wannan fage, kamar yadda Turawan can suka yi, to Sani Musa Danja da Yakubu Muhammad ne, masu kamfanin 2 Effects. Danja ɗan Fagge ne a Kano, Yakubu ɗan Bauchi, dukansu haihuwar 1973. Danja shi ne fuskar tafiyar. Shi ke rawa, shi ake liƙa hotonsa a bayan babur, shi aka sani a finafinai irin su Ƙwarya Ta Bi Ƙwarya da Manakisa. Yakubu ya daɗe a bayan fage yana rubuta waƙa yana rerawa, muryarsa na fita ta bakin jarumai iri-iri, kafin daga baya ya amince ya tsaya a gaban kyamara, har ta kai shi ga fitowa a Lionheart na Genevieve Nnaji a 2018. Akwai shekarun da miliyoyin mutane suka san muryar Yakubu sarai, amma da za su haɗu da shi a layin banki ba za su waiga ba. A wajen Pet Shop Boys mai murya ne a gaba, mai kiɗa a baya. A wajenmu mai muryar ma a baya yake, mai kiɗan kuma yana bayansa.

To wa ke zauna ya tace wa irin waɗannan mutane waƙoƙinsu, ya ce ga waɗanda suka fi, ga waɗanda za su rayu? Babu wani kamfanin faifai a Arewa mai rumbu da rajista irin na Parlophone da ya ɗauki wannan nauyi. Aikin ya faɗa hannun wani mutum daban, kuma Tudun Wadar Zariya wuri ne mai kyau na ganinsa.

In ka fito daga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka ka miƙe, Tudun Wada za ka shiga. In ka ci gaba ka haye gadar Kubanni, ka isa PZ da Sabon Gari. Turawan mulkin mallaka ne suka yi wannan rabo: birni na Zage-zagi, Sabon Gari na waɗanda jirgin ƙasa ya kwaso daga Kudu, Tudun Wada kuma ta 'yan Arewa da ba 'yan asalin garin ba. Tun tushe ke nan unguwar baƙi ce, Kanawa da Katsinawa da Nufawa da Barebari. Daga baya aka kewaye ta da abubuwan da ke jawo sababbin fuskoki kullum: harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, da kwalejin horar da malamai ta tarayya, da tsohon asibitin koyarwa kafin a mayar da shi Shika a 2005. Mai sayar da waƙa a irin wannan wuri ba ya yi wa kunnen gari ɗaya hidima. Ɗalibar da ta zo daga Gombe da ɗan jinyar da ya zo daga Giwa da direban da ke lodin Kano duk a gabansa suke tsayawa.

Al'adar mai saurare ya zaɓi abinsa ta girmi sana'ar. Shekara da shekaru mutane na aika kati gidan rediyon Kaduna, a karanta gaisuwarsu a shirin Zaɓi Sonka a sa musu waƙar da suka nema. Da kuɗin ƙarin albashin Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, rikoda ta shiga gidaje, sai mai kaset ya zama ƙaramin gidan rediyo na unguwa. Kana iya sayen wanda aka riga aka naɗa, irin waɗanda ake sarowa daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano. Kana kuma iya kawo naka fanko ka lissafa masa abin da kake so, ya ɗora maka da rikodarsa mai baki biyu. Kaset na minti 60 ko 90 ba ya ɗaukar son zuciya. Waƙa guda ta Shata tana iya cinye rabin gefe, dole ka zauna ka yi tunanin wacce za ka bari. Da zamanin finafinai ya zo, kaset ɗin waƙoƙin fim yakan riga fim ɗin fitowa, shi ne tallarsa, kuma masu kaset ba su ɓata lokaci ba suka fara tsamo mai daɗi daga wannan fim da wancan suna haɗawa wuri guda. Kundin zaɓaɓɓun waƙoƙin fiyano na farko a ƙasar Hausa a irin wannan rumfa aka haife shi, ba tare da sanin mawaƙi ba.

Wayar salula ta iso a 2001. Cikin 'yan shekaru aka sami masu ɗaukar memori, faifan CD ya yi zamaninsa ya fara ja da baya, sai mai kaset ya koma mai turi, waɗanda 'yan fim ke kira 'yan dawunlodin.

Ka tsaya a gefen ɗaya daga cikinsu da yamma, bayan la'asar, lokacin da kasuwa ke kwasowa. Tebur ne da lema, ko ɗan kes na katako. A gefe ga allon caji da wayoyi jere, kowace da lambarta. A tsakiya ga tsohuwar kwamfutar cinya wadda wasu maɓallanta sun fice, an ɗaure wayar wutarta da salatif, ga lasifika tana ta amo don jawo masu wucewa. Wata budurwa ta zo, ƙawar amarya ce, ta zare memori daga bayan wayarta ta miƙa.

“Malam, na biki nake so, na ranar kamu. Masu zafi.”

“Sababbi ko na da?”

“Haɗa min. Amma ka sa waɗanda iyaye ma za su tashi.”

Bai tambaye ta sunan mawaƙi ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ya buɗe wata folda, ya ɗan kunna mata farkon guda uku, ta gyaɗa kai, ya kwashe duka ya zuba mata. Bayanta ga wani magidanci mai tuƙa Keke Napep, furfura ta fara fito masa a gemu. Shi cewa ya yi, “Ɗan'uwa, sa min irin na lokacin su Sangaya.” Akwai foldar wannan ma. Yadda mai turi ke raba kayansa ke nan: na biki, na soyayya, na tuna baya, na siyasa, na bege, wa'azi a gefensa, fassarar Indiya a nata gefen. Amfanin waƙa shi ke nuna mata ɗakin da za ta kwana.

Ina ganin girman wannan aiki, kuma ina so a gan shi. Rumbun kwamfutar mai turi yana cika, saboda haka kullum sai ya goge wani abu kafin ya zuba sabo. Abin da yake gogewa shi ne wanda aka daina tambaya. Waƙar da ta shekara ashirin a foldarsa ta tsira ne daga gogewa sau ɗaruruwa, kuma ba don wani manajan kamfani yana son ta ba, ko don mawaƙin na alfahari da ita. Ta tsira ne don har yanzu akwai mai zaro kuɗi daga aljihunsa saboda ita. Kamfanin Turai yakan cusa waƙa a kundin zaɓaɓɓu don cika yarjejeniya ko tallata sabon faifai. Mai turi ba shi da wannan buƙata. In kana son sanin waƙoƙin Danja da Yakubu da suka zauna a zuciyar mutane da gaske, ko na Nura M. Inuwa, ko na Ado Gwanja da mata ke cashewa da su a tsakar gida, foldar da ke rumfar nan ta fi kowace takarda faɗin gaskiya.

Sai dai akwai abin da ke zubewa a hanya, kuma shi ne ya sa na rubuta wannan babi. A ƙarshen kowane fim ana jera sunaye: wanda ya rubuta waƙa, waɗanda suka rera, wanda ya yi kiɗa, sutudiyon da aka ɗauka. Ranar da aka yanko waƙar daga jikin fim aka mayar da ita fayil, duk wannan ya tsaya a can. Wanda ya fara yankowa shi ke raɗa mata suna, galibi da kalmar da aka fi maimaitawa a amshi, ko da sunan jarumin da ya hau ta. Daga kwamfutarsa ta bi memori zuwa wata kwamfutar, ta bi Bluetooth da Xender daga waya zuwa waya, wani ya gajarta sunan, wani ya canza shi gaba ɗaya. Kafin ta iso Tudun Wada daga Kano, tafiyar da mota ke yi cikin awa biyu, waƙar da Yakubu ya rubuta ya rera tana iya zama ta jarumin da bai taɓa shiga sutudiyo ba. Shekarar fitowarta kuwa ba a ma zancenta.

Matan su suka fi cutuwa. Rabi Mustapha, Fati Nijar 'yar Maraɗi, Maryam A. Baba da ake wa laƙabi da Sangandale, Zuwaira Isma'il, Murja Baba, Maryam Fantimoti: rabin daɗin waƙoƙin nan daga maƙogwaronsu ya fito. Ka cire muryar mace daga kowace waƙar soyayya ta wancan zamani ka ji abin da zai saura. Amma da wuya ka ga sunan ɗayarsu a kan fayil in ba waƙar tata ce ita kaɗai ba. Mai kiɗa kuwa ko a fosta ba ya fitowa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Suna guda ne kaɗai ke tsallake duk wannan tafiya lafiya, wato wanda aka rera a cikin waƙar kanta. Makaɗan gargajiya sun saba ambaton iyayen gidansu da yaransu a tsakiyar waƙa, mawaƙan fiyano kuma suka gaji wannan. Shi ya sa za ka ji a ƙarshen waƙa ana gaida mai kiɗa da sutudiyo da abokiyar rerawa, ko ka ji an jefa sunan mai haɗa sauti tun kafin ganga ta faɗi. Wasu na ganin cika baki ne ko ɓata baiti. Ni a wajena hikima ce ta mutanen da suka san babu takardar da za ta raka aikinsu, sai suka saƙa ta a jikin waƙar inda almakashi ba zai raba su ba. Mai son rubuta tarihin wannan kiɗa zai sami shaidarsa mafi inganci a minti na ƙarshe na kowace waƙa, daidai wurin da dije ke katsewa ya sa ta gaba.

Batun kuɗi ya fi wannan ɗaci. Ko sisi daga abin da ake biya a rumfar turi ba ya komawa ga waɗanda suka yi gumi a ɗakin soso. Furodusoshi sun daɗe suna ɗora wa 'yan dawunlodin alhakin mutuwar kasuwar CD, kuma suna da hujja. Dokar haƙƙin mallaka ta hana, har da sabuwar da aka sa wa hannu a 2023. Amma ba zan iya tsine wa mai turi ba. Babu wanda ya gina wata hanyar da waƙa za ta bi ta isa kunnen matar da ke cikin kulle a unguwar Tudun Jukun, ko yaron shago a Gyallesu, a kan kuɗin da za su iya biya. Mawaƙan ma sun gane haka, suka daina jiran kuɗin faifai. Waƙa ta zama talla, abinci kuma yana zuwa daga gidan biki, da waƙar da ake yi wa ango da amarya da sunayensu, da 'yan siyasa. Mawaƙin da sunansa ya fito ya sami mafita ke nan. Wadda ta yi masa amshi da wanda ya danna masa fiyano, su ba a gayyatarsu dina.

A 2013 wani kundi ya fito mai suna Harafin So, na waƙoƙin finafinan Hausa zalla, a kan faifan garmaho, da sunayen mawaƙa a jikin kwali, ciki har da Fati Nijar da Abubakar Sani. Wanda ya haɗa shi Ba'amurke ne, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland. Kafin nan, a 2011, ya fitar da wani kundin na waƙoƙin da ya kwaso daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali, sannan ya bi sawun masu su ɗaya bayan ɗaya don ya san sunayensu ya biya su. Wato daga hannun irin masu turin nan ya fara, sai ya ƙara matakin da su ba sa ƙarawa. Ya kyauta, kuma ina yaba masa. Amma abin yana sosa min rai, musamman idan na tuna garin da muke magana a kansa.

Zariya ce garin da ya koya wa ƙasar Hausa tattara waƙa a rubuta sunan mai ita. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi hukumar NORLA a shekarun 1950, aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Ta wannan hanya waƙoƙin Aliyu Namangi da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu suka shiga aji, yara suka haddace su da sunayen marubutansu. Makaɗan baka ma sun sami masu yi musu hidima: Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara matanonin waƙoƙinsu juzu'i-juzu'i, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta tarihin Shata. Daga harabar Gaskiya zuwa rumfunan turi na Tudun Wada tafiyar ƙafa ce. Iya aikin yana nan, kayan aikin suna nan, ba su dai haɗu ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Waƙar fiyano ta taso ne ana hararar ta. Malamai sun ce tana ɓata tarbiyya, masana sun ce kwaikwayon Indiya ce, dattawa sun ce nanaye ce kawai. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007 wata kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Adam A. Zango saboda kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya. Abin da ake kai mutum kurkuku a kansa ba a cika yi masa rumbun ajiya ba. Wasu daga cikin sukar gaskiya ne. Akwai waƙoƙin da karinsu ɗauke shi aka yi ɗungurungum daga Mumbai, akwai waɗanda baitocinsu ba su da nauyin komai. Amma akwai kuma masu kyau ƙwarai, masu Hausa mai daɗi da karin da ba na kowa ba, kuma da su aka yi wa tsara guda zance da lalle da kai amarya. Waɗanda suka yi rawa da Sangaya suna 'yan mata, yau su ne ke aurar da 'ya'ya. Mujallar Fim tun 1999 take rubuta labarin masana'antar, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazari mai zurfi a kan kiɗan. Abin da ya rage shi ne sautin kansa, a tsaftace, a jere, da sunaye da shekaru.

Mawaƙan yanzu sun fi samun sauƙi. Umar M. Shareef da Hamisu Breaker da tsararsu suna ɗora waƙa a YouTube da Audiomack da Boomplay da sunansu da ranar fitowa, kuma wanda ya ji Jaruma a 2020 ya san ta Breaker ce, ko da a TikTok ya tsinci gutsurenta. Haɗarin yana kan waƙoƙin da aka yi daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2010, zamanin kaset da CD, lokacin da Danja da Yakubu ke ganiyarsu. Sutudiyo da yawa na wancan lokaci sun rufe, wasu masu kiɗan sun bar sana'ar, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Kwafin da ke yawo an matse shi an sake matsewa har sarewar ta dusashe.

Haɗa wa mutanen nan biyu kundi na gaskiya ba ya buƙatar wata babbar hukuma. Ɗalibi guda daga sashen harsunan Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru zai iya farawa da littafin rubutu. Ya zauna da masu turi na Tudun Wada da Sabon Gari ya rubuta waƙoƙin da har yau ake tambaya, ya ware ashirin da suka fi maimaituwa. Sannan ya hau mota zuwa Kano ya zauna da masu waƙar, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya: wane fim ce, wace shekara, wa ta yi muryar mace, wa ya yi kiɗa, a wane sutudiyo, kuma wa ke riƙe da kwafi na asali. Yawancin masu amsar suna nan da ransu, suna kuma iya tunawa. Ɓangaren Tudun Wada ne ya fi gaggawa. Data ta shiga hannun matasa, masu kawo memori suna raguwa, kuma rumfunan turi da dama sun koma na POS. Mai rumfar da ya canza sana'a yakan sayar da tsohuwar kwamfutarsa, mai saye kuma abin da yake fara nema shi ne a goge masa duk abin da ke ciki.